Motar da Ba Ta Durƙusawa

Zuwa ga ɗana Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da Rabi da amaryata ƙarama, Ummi. Allah ya tsare ka a zaune, ya tsare ka a kan hanya, ya raba ka da sharrin ƙarfe da sharrin son zuciya. Na fara da addu'a ne tun bakina yana da sanyi, don abin da zai biyo baya babu sanyi a cikinsa.

Tun kafin babbar Sallah na ji wata magana a majalisarmu ta ƙofar masallaci. Wai akwai wani yaro a garin nan da ya kai ƙaramar bas ɗinsa wurin masu walda, aka cire mata sifirin baya na asali, ƙarfen nan da ke ɗauke da nauyinta, aka ɗaura mata na a-kori-kura, yanzu ko dutsen Dala ka ɗora mata bayanta ba ya yin ƙasa. Na yi dariya na ce ƙarya ce. Na ce masu irin wannan wauta sun ƙare a Wudil, na ƙarshensu ni na san shi, kuma ya daɗe da ajiye tuƙi. Mai ba da labarin ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Ban lura ba.

Bayan nan na ƙara ji a wurin wanzami, ana yi mini aski. Wannan karon har da launin motar, ruwan toka, da rubutun da ke gilashin baya, wai Albarkar Iyaye. Na ce wa wanzamin ya kula da askarsa, motocin da aka rubuta wa albarkar iyaye a ƙasar nan sun fi iyayen yawa. Ka ga yadda na tsaya maka? Ina kare ka a bainar jama'a, ashe kai kana can ƙarƙashin mota da mai walda kuna ƙulla mini abin kunya.

Da maganar ta zo mini ta bakin da ba na iya ƙaryatawa, na kira ka a waya. Ka tuna amsar da ka ba ni? Ba ka ce ƙarya ne ba, ba ka ce gaskiya ne ba. Cewa ka yi, "Baba, wa ya faɗa maka?" Sannan wai sabis ya ɗauke. Sabis ɗin nan naku yana da ladabi, ba ya ɗaukewa sai uba ya yi tambaya. To, ga takarda, ita ba ta ɗaukewa. Zan gaya maka wanda ya faɗa mini, amma sai ka bi ni mun kai ƙarshe, don ni ban iya yanke labari ta tsakiya ba.

Innarka ta ce mini da an tashi kasuwar Juma'ar nan za ka ɗauki Rabi da Ummi da kayan ɗakinsu ku koma Azare, inda aka yi maka hanyar lodi. Ta ce har ka karɓi buhunan waken wani za ka ɗora a kai, don kada tafiyar ta tafi a banza. Tafiya da matarka da 'yarka ita ce banza, sai an haɗa da wake. Madalla da wannan lissafi.

Motar taka ce, guminka ne, ban musa ba. Neman na kai kuma ni na koya maka, ban hana ka tafiya ba. Amma zauna ka ji.

Kakata ta wajen uwa tana ba mu labarin wani mai jaki da kullum jakinsa ke durƙushewa in an labta masa kaya. Mutumin ya gaji da dukansa, sai dabara ta zo masa. Ya samo sanduna huɗu ya ɗaure wa jakin a ƙafafu, yadda gwiwa ba za ta lanƙwasu ba. Ya labta kaya, jaki yana tsaye. Ya ƙara, jaki yana tsaye. Mutanen gari suka taru suna cewa wannan jaki ba irin na kowa ba ne. Ya ƙara na ƙarshe, sai aka ji ƙas. Ƙafafun suna nan a miƙe lafiya lau, gadon bayan ne ya tafi. Muna yara muna ta dariya, muna cewa wane irin wawa ne wannan. Na girma na zama shi.

Ka san na yi tuƙi, ka san na bari. Abin da aka gaya muku kuna yara shi ne taya ta fashe, ƙaddara ta faɗa. Tayar ta fashe da gaske, ƙaddara kuma gaskiya ce. Amma ƙaddarar nan ni na buɗe mata ƙofa na shimfiɗa mata tabarma.

A zamaninmu babu wanda ke auna lodi da sikeli. Muna da ma'auninmu, kuma har yau na ga kuna yin sa a tasha. In ana lodi, direba zai zagaya baya ya zura yatsunsa huɗu tsakanin tayar baya da bakin ƙarfen da ya rufe ta. Muddin yatsu huɗu suna shiga, a ci gaba. Da sun matse, sai ka buga jikin mota ka ce ya isa. Ko mai kaya ya yi rantsuwa, ko ɗan kamasho ya yi ihu, sai ka nuna musu hannunka. Ba wanda ke jayayya da yatsu huɗu. Wannan ma'auni ya raya mutane da yawa, don ba yatsun ne ke magana ba, motar ce. Bayanta yana yin ƙasa ne don ta ce maka ta gaji. Bakin mota kenan, ba ta da wani.

Ni kuwa bakin nan ya dame ni. Lokacin kaka, in na shiga Achika da Ɗankaza ɗaukar amfanin gona, buhuna suna jibge a bakin hanya kamar ganuwa, motata kuwa da an ɗan zuba mata sai ta zauna kamar tsohuwa a kan turmi. Ina ji ina gani wasu su zo su kwashe ragowar. Sai na kai ta wurin marigayi Bala kanike na ce ya ƙara mata fallen sifiri na babbar mota. Ya dube ni ya ce, "Haladu, sifiri zan ƙara maka, ko birki ma kana so in haifa maka sabo?" Na ce ya bar wasa. Ya ce shi ba zai sa hannunsa ba. Na ce garin nan ba shi kaɗai ne mai sufana ba. Na tafi wurin wani, aka yi mini a wuni guda.

Ga kuskurena na farko, kuma ga shawarar da ke bayansa. In mai sana'a ya ƙi karɓar aikinka alhali yana son abin da za ka ba shi, tsaya ka tambayi kanka abin da ya gani. Wanda ya ce maka to da sauri ba shi zai zauna a bayan sitiyari ba. Na tabbata kai ma akwai wanda ya ce maka a'a kafin ka sami mai cewa to. Na san garin nan.

Da motar ta fito, wallahi Nasiru, na ji daɗi. Ba zan ɓoye maka ba, don na san daɗin da kake ji yanzu. Bayanta ya ɗaga kamar zakaran da zai yi cara. A zuba buhu, in zura yatsu huɗu, su shige har da sarari. A ƙara, su shige. 'Yan tasha suka sa mata suna Taguwa, wai raƙuma ce, amma ita ba ta durƙusawa. In na shigo kasuwa sai ka ji ana cewa, "Ga Haladu na Taguwa, a buɗe hanya!" Ni kuma sai in gyara hula. Kirarin nan ya shiga kaina ya yi ɗaki ya zauna.

Abin da ban gane ba shi ne na kashe ma'aunin nawa da hannuna, kuma na ci gaba da amfani da shi. Kullum ina zagayawa baya, ina zura yatsu, ina cewa da saura. Na toshe wa motar baki, sannan ina tambayarta ko ta gaji, in ta yi shiru in ce ta yarda. Kai ma haka kake yi, an ga ka. An ce har kana kiran mai kaya ya zo ya zura nasa hannun ya gani. Haba Nasiru! Ɗa ya gaji gonar ubansa, ya gaji sunansa, amma har wautar ma sai ka gada?

Bari in gaya maka abin da mai walda bai gaya maka ba. Sifiri ba ya cinye nauyi, miƙa shi yake yi. Duk buhun da ka ƙara yana nan, yana sauka a kan tayar da aka yi don ɗaukar mutane da jakunkunansu. Yana sauka a kan boris ɗin da taya ke juyawa a kansu, su yi zafi su cinye kansu kana tafe ba ka sani ba. Yana sauka a kan ƙarfen jikin motar inda sifirin ya zauna, ƙarfen da bai fi murfin tukunya kauri ba, ga shi kuma an ƙona shi da wutar walda. Birki kuwa yana nan yadda aka haife shi. Ka ninka masa aiki ba ka ƙara masa ko ƙwayar hatsi ba. In kaya suka taru a wutsiya, gaba ya yi sako-sako, sitiyari ya zama kamar kana dama kunu. In kuma ba kaya, sai ta riƙa tsalle a kan kowane rami, tayoyin baya suna rabuwa da ƙasa. Ko a cike ko a wofi, ba ka da mota, kana da abin da ke jiran ranarsa.

Kuskurena na biyu ya fi na farko muni, don shi kama da kirki yake yi. Ban iya cewa a'a ba. Da can in mutum ya zo da buhu ɗaya ya ce, "Don Allah Malam Haladu, wannan kaɗai," sai in nuna masa yatsuna, ba ni na hana ba, mota ce ta hana, mu rabu lafiya. Da na gyara Taguwa sai na rasa mafaka. Kowa ya san ba ta durƙusawa. In na ƙi, ni ne mai baƙin hali. Wannan surukin wane ne, wancan liman ne ya aiko shi, waccan gwauruwa ce da marayu. Buhu ɗaya, buhu ɗaya, haka ake gina rumbu. To ka sani, kunyar da za ta sa ka ɗauki abin da motarka ba za ta iya tsayarwa ba, wannan ba kunya ba ce, tsoron baki ne. Gara mutum ya zage ka a tasha ya koma gida da ƙafafunsa.

Na ce da ƙafafunsa. Yanzu mun zo wurin.

Wata Juma'a da hantsi na taso daga Achika da wake da dawa, an cika ta har rufi, an ɗaure wasu a sama. Na zura yatsu huɗu, sun shige. Mutum uku suna gaba tare da ni. Iro, abokina tun muna kiwon awaki, wanda kuke kira Baba Iro, shi ya ce zai zauna baya a tsakanin buhuna, don rabin waken nasa ne, kuma ya bar wa wani dattijo wurinsa. Yana shiga yana tsokanata, wai in Taguwa ta gaji shi zai sauka ya goya ta. Muka kama hanya. A gangaren nan kafin a hau kwalta, garken shanu da ake korawa kasuwar kara ya ratso. Na gan su tun daga nesa, ba su ba ni mamaki ba. Na taka birki a inda na saba takawa. Motar ta ji, amma kayan ba su ji ba. Ina takawa, suna turo ni. Na karkata don in kauce, tayar baya ta hagu ta yi ƙara kamar bindiga, duniya ta juya.

Mu na gaba muka fito da ƙurjewa. Iro sai da muka ɗaga buhuna kafin mu gan shi. Waken da ya noma da hannunsa shi ya danne masa ƙafa a jikin ƙarfe. A asibiti aka ce ba ta gyaruwa, aka yanke daga gwiwa.

Ka san abin da ya fi ci mini rai? Da aka jawo motar aka miƙar da ita, gilashi ya tafi, rufi ya lotse, taya ta yage, amma sifirin nan yana nan garau, ko tsagewa bai yi ba. Sandunan ƙafar jaki. Wani ma a wurin har yana yaba shi, yana tambaya ko zan sayar.

Kuskurena na uku kuwa, shi ne wanda ya kawo mu yau. Na yi shiru. Mutane suka ce taya ce, na bar su a kan taya. Iro bai taɓa cewa komai ba. Na je gaishe shi yana kwance, na buɗe baki zan yi magana, ya ce, "Haladu, abin da Allah ya rubuta." Na karɓi wannan na rufe kaina da shi kamar bargo. Kun taso kuna ganin kowace Sallah cinyar ragona ta fara zuwa Achika, kowace damina ina tura ku ku taya shi noma, kuna zaton zumunci ne kawai. Zumunci ne, amma da abin da ke ƙarƙashinsa. Da na zaunar da kai tun ranar da ka fara riƙe sitiyari na gaya maka wannan, da wataƙila ba ka je wurin mai walda ba. Don haka fushin da nake yi, kashi ɗaya nawa ne. Amma kada ka yi murna, ragowar duk naka ne, kuma yana da yawa. Kai ka yi makaranta, kana da waya a hannu da za ta gaya maka komai, kana ganin motocin da suka kife a hanyar nan kowane mako, kuma ka ɓoye mini. Ɓoyewar ita ta nuna ka san ba daidai ba ne. Mai gaskiya ba ya tambayar wa ya faɗa.

Na san abin da za ka ce. Mai ya yi tsada, kayan gyara sun yi tsada, in ba ka cika ta ba ba za ka fita ba, kowa haka yake yi. Na sani, ba a rami nake zaune ba. Kuma ban ce ka bar ta da gajiyayyen sifiri tana jan ciki a ƙasa ba. In nata ya mutu, a sa mata sabo irin nata, ko mai ɗan ƙarfi da aka yi don irinta, wanda zai zauna a mazauninsa ba tare da an yanka ko an ƙona komai ba. A canja shokazoba, a sa tayoyi masu ɗaukar nauyi ba ragowar wasu ba, a duba birki gaba da baya. Duk wannan don ta ɗauki kayanta cikin lafiya ne, ba don ta ɗauki na wata ba. Abin da masu ƙera ta suka ce ta ɗauka yana rubuce a jikin ƙofar direba, kai da ka iya karatu je ka duba. Mai nauyi ya zauna tsakiya, kusa da kujerun gaba, kada ya rataya a wutsiya. In kaya sun fi ƙarfinta, yi sawu biyu. In kullum suna fin ƙarfinta, to sana'arka ta girmi motarka, ka yi haƙuri ka tara ka sayi babba. Akuya ba ta zama saniya don an ɗaura mata ƙaho.

Yanzu ga maganata, kuma ba shawara ba ce. Kafin Juma'a ka kawo motar nan ƙofar gidana, mu tafi tare wurin kanike, ina zaune a kan benci a cire ƙarfen nan a gabana. In ka yi haka, ni da kaina zan ɗora Ummi a kujera, in yi muku addu'a, in raka ku har bakin gada. In ka ƙi, ba zan yi maka baki ba, Allah ya kiyaye, bakina bai saba ba. Amma Rabi da Ummi a gidana za su zauna. Na riga na yi magana da mahaifin Rabi, ya ce abin da na yanke shi ne. Ka tafi da wakenka, ya taya ka hira a hanya. 'Yar mutane amana ce a hannunmu, Ummi kuwa ko tafiya ba ta gama koya ba, ba zan bari a zaunar da ita a tsakanin buhuna ba. Na taɓa ɗaga buhu na ga abin da ke ƙarƙashinsa. Sau ɗaya ya ishe ni.

Innarka tana gaishe ka. Ta ce in sassauta, na ce mata wannan shi ne sassaucin. Allah ya yi maka albarka, ya buɗa maka a Azare, ya ba ka halal mai yawa, ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya, kai da duk wanda ya shiga motarka. Allah ya sa ka tsufa da gaɓoɓinka cikakku, ya sa kada wani ya rasa nasa ta dalilinka. Amin.

Saura tambayarka. Kana ta zargin Rabi, na ji har ka ɗaure mata fuska. Ka sake ta, ba ita ba ce. Ba Innarka ba ce, ba 'yan tasha ba ne.

Juma'ar da ta wuce ka ɗauko wani dattijo daga Achika zuwa kasuwa, ka ƙi karɓar kuɗinsa, ka taimaka masa ya hau kujerar baya, ka miƙa masa sandunansa. Wannan ka kyauta. Da ya sauka bai shiga kasuwar ba. Ya dogara sandunan nan tun daga tasha har ƙofar gidana, cikin rana, yana hutawa a gindin kowace bishiya. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi gona, ya sha ruwa. Mutumin da tun ranar da abin ya faru bai taɓa ambaton sunan motar nan a gabana ba, sai ya ɗago ya ce, "Haladu, motar yaron nan tsallen Taguwa take yi. Na ji shi a bayana."

Ya ɗauki sandunansa.

Baba Iro ne ya faɗa mini. In kana da ja, je ka Achika ka yi da shi.

Mahaifinka,
Haladu